Gandarin da Ya Rage a Saman Unguwar Takarda

Unguwar da nake zaune a cikinta yau a kan takarda aka haife ta. Shi ya sa har gobe mutanen tsohon gari suke kiranta Unguwar Takarda, ko da yake tana da wani suna a ofis wanda ba na jin ko mai unguwarmu yana tuna shi. Kafin a aza tubali ko ɗaya an riga an zana ta duka: layuka miƙaƙƙu da suka taso daga gindin dutse a arewa suka sauka har bakin fadama a kudu, wasu kuma suka gitta su daga gabas zuwa yamma, kowane gida da lambarsa. An ware wurin makaranta, an ware na kasuwa da na masallaci, har da wani yanki da aka shafa wa koren launi aka ce na itatuwa ne. Wanda ya yi zanen ya iya aikinsa, ban taɓa musun wannan ba. Abu ɗaya ne takardar ba ta gaya masa ba, shi ne ƙasar nan gangare ce, kuma ruwan da ya sauka a kan dutse dole ya bi ta cikinta kafin ya kai fadama.

Gidana yana can sama, a farkon layi na huɗu. Gidan ƙanwata Dije yana a ƙarshen wannan layin, inda ƙasa take kwantawa kafin lambunan albasa. Tun da mijinta ya rasu, ita da jikokinta ne kawai a gidan. A saman gidana, tsakanin katangar ƙarshe da gindin dutse, akwai wani dogon jerin duwatsu da ya kai gwiwa, irin wanda mu a Adar muke kira gandari. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda na taso na tarar. Muddin yana nan, ruwan dutse yana bazuwa ya kasu cikin layuka da yawa, kowane layi ya ɗauki abin da zai iya. In babu shi, layi na huɗu ne hanya mafi sauƙi, kuma ƙofar Dije ce ƙarshen hanyar.

A lokacin ƙuruciyarmu babu gida ko ɗaya a nan, gonaki ne. Ƙasar kashi uku take, kuma yaro ma ya san su da tafin ƙafarsa. Can sama fako ne mai tsakuwa, wanda in ka sari ƙasarsa da fartanya sai ta yi ƙara kamar ka bugi ƙarfe. A tsakiya jigawa ce mai laushi, ta gero. Ƙasa kuma laka ce baƙa, ta dawa da albasa. Daga sama har ƙasa gandari ne a jere, wani a bayan wani, kowanne ya gitta gangaren yana lanƙwasa yadda ƙasar ta lanƙwasa. Babu mai iya cewa ga wanda ya aza na farko. Da bazara, in zafi ya kai inda ƙadangare ma yake neman inuwa, lokacin ne ake gyaransu. Da sassafe za ka ji ƙarar dutse kan dutse daga kowace gona, ƙwas, ƙwas, da kukan jakai, da muryar mata masu kawo fura suna kiran sunayen mazansu a kaikaice. Manyan duwatsu a ƙasa, a ɗan binne su, matsakaita a kansu, ƙanana a cusa ta bayan jerin. Ba a like shi da laka. Mahaifinmu yakan ce ruwa baƙo ne mai fushi, ba a rufe masa ƙofa, zaunar da shi ake yi har ya huce. In an yi ruwa ka je ka tsaya bayan gandari, za ka ji yana tsiyaya ta tsakanin duwatsu da wata ƴar ƙara kamar ana tace koko, ya bar ƙasa da taki da tarkacen kara a baya, ya wuce a hankali zuwa jeri na gaba. Akwai kuma wata magana da tsofaffi suke yi wadda a lokacin ban ɗauke ta da nauyi ba. Sukan ce na sama rigar na ƙasa ne.

Shekarar da na fara tsiro gemu aka bar mini jaki da aikin kai taki gonarmu ta sama. Hanyar da ake bi sai an zagaya can ƙarshen gandari, tafiya mai ɗan nisa, a yi ta sau da yawa a yini. Wata rana na gaji, na dubi jerin, na ga ba abin da ya raba ni da gonar sai duwatsun da ba su fi ƙarfina ba. Na ɗebe su na ajiye gefe, faɗin da jaki zai wuce da mangalarsa. A raina na ce in na gama kai takin zan mayar. Na gama, ban mayar ba. Ban ƙi ba, mantawa na yi, irin mantuwar wanda ya riga ya samu abin da yake so.

Ruwan shuka ya zo bayan azahar, da ƙarfi. Muna cikin gari muna murna, yara suna tsalle a cikinsa. Da safe muka fita da iri, sai muka tarar ruwan ya gano ƙofar da na yi masa. Duk abin da ya sauko daga dutse ya taru ya bi ta wannan ɗan wuri, ya yanka gonarmu biyu da rami mai zurfin gwiwa, ya ture gandari na biyu, ya kwashi yashi da tsakuwa ya je ya zube su a gonar Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wadda take ƙasa da tamu. Kawu ya riga ya yi binne, irinsa yana cikin ƙasa yana jiran wannan ruwan. Yanzu ga shi a ƙarƙashin yashin da ya kai idon sahu, wani wuri ma ya fi.

Mahaifinmu ya tsaya ya dubi duwatsun da aka ajiye gefe a tsare. Ruwa ba ya ajiye dutse a tsare.

"Wa ya buɗe nan?" ya tambaya.

"Ni ne, Baba."

"Don mi?"

"Don jaki."

Bai ɗaga hannu ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce in biyo shi. Muka bi ramin muna sauka har gonar Kawu, muka same shi a tsugune yana tona yashi da hannu yana neman irinsa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi mahaifinmu, ya gane.

"A'a, ɗan yayata, ashe kai ne munka samu magini? Ka yi ma ruwa ƙofa, ka manta ka sa mata ƙyaure."

"Ka yi haƙuri, Kawu."

"Haƙuri na nan da yawa. Gero ne babu."

Akwai yadda ake yi in irin wannan ta faru, kuma ba a kai maganar gaban kowa. A ranar duk wanda yake da gona a ƙasa da wurin ya hau sama, aka toshe ƙofar kafin wani ruwan. Wannan aikin kowa ne. Sauran aikin kuma na wanda ya yi ɓarnar ne shi kaɗai, kuma ba ya farawa da gonarsu. Daga can ƙasa zai fara, ya kwashe wa wanda ya cuta, sa'an nan ya hau yana gyarawa har ya iso nasa. Haka na yi kwanaki ina kwasar yashi da kwando a gonar Kawu, gammo ya cinye mini gashin tsakar ka, tsarana suna noman fari suna waƙa. Ƴan mata masu kai fura in sun zo wucewa sai su ce, "Sannu da aiki, mai ƙofa." Gefen gonarmu da ruwa ya yanka bai samu shuka ba sai a makare, na Kawu ma haka. Da kaka abin da muka samu aka raba, aka kai wani kashi rumbun Kawu, ba wanda ya ce mini uffan. Amma duk lokacin da mahaifiyarmu ta sirka tuwo ya yi ruwa-ruwa a wannan shekarar, na san hannuna yana ciki.

Daga baya na yi karatu, aiki ya kai ni gidan rediyo, na daɗe ba na gida. Ina can gari ya cika, ya tumbatsa, aka ce za a yi lotisma, wato a yanka filayen gidaje, a gonakin arewa. Sanarwar rabon filayen da bakina na karanta ta, kuma na karanta ta da jin daɗi. Na tuna lungunan tsohon gari inda ko makara sai an karkata ta kafin ta fita, na ce yau garinmu zai samu unguwa mai tsari. Masu awo suka zo da rani, suka kafa ginshiƙan siminti a kusurwoyi, suka tafi kafin hadari na farko. Masu gonaki aka ba su filaye a madadin gonakinsu, aka yi ƙuri'a tsakanin magada. Tawa ta faɗa sama, ta Dije ta faɗa ƙasa. Har barka na yi mata, na ce ta fi ni kusa da rijiyoyin fadama.

Waɗanda suka zo gini, ƴan kasuwa da ma'aikata da masu dawowa daga ci-rani, suka tarar da duwatsu a jere kamar an tara musu. Wa zai je fasa dutse ga wanda aka riga aka zaɓa, aka jera, kusa da hanya? Gandari bayan gandari ya shiga harsashin gidaje. Ba a yi shawara ba, ba a yi gardama ba, don a kan takarda babu su. Yanzu ga yadda muke zaune. Da, mutum yakan hau sama ya gyara jerin da ba a gonarsa yake ba, don ya san abin da zai sauko masa. Yau kowa dakalin ƙofarsa yake ɗagawa. Wannan ya ɗaga, na kusa da shi ya ɗaga fiye da nasa, wancan ya jera buhunan yashi da tsofaffin tayoyi, kowa yana miƙa wa maƙwabcinsa ruwa cikin ladabi. Tsakiyar layi na huɗu ta zaizaye har bututun famfo ya fito fili. Ƴan kabu-kabu in ka ce musu nan za ka, sai su sauke ka a bakin kwalta su ce ka ƙarasa da ƙafa. Wurin da aka shafa wa koren launi kuwa shaguna ne a kansa. Ƙarar da nake ji da bazara yanzu ba ta dutse kan dutse ba ce, ta kamyo ce, babbar motar ɗaukar kaya, yana juye kaya.

Bazarar da ta wuce na ga kamyon ya hau saman gidana ya tsaya a gandarin ƙarshe. Na fita na yi wa masu lodi magana, suka ce aiko su aka yi. Na je wurin mai unguwa, ya ce a tara mutane. Muka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar. Na yi bayani yadda na saba, a tsare, ba tare da ɗaga murya ba: ga inda ruwa yake fitowa, ga abin da jerin yake yi, ga inda zai bi in an ɗebe shi, ga gidajen da suke ƙarshen layin. Wani maƙwabcina, tsohon ma'aikaci, ya gyara zama.

"Alhaji, mun ji labaru, saura sanarwa," ya ce, aka yi dariya. "Zamanin jera dutse ya wuce. Kanibo muke so, magudanar ruwa ta siminti, irin ta Madawa. Mun rubuta ma hukuma takarda."

"Yaushe kunka rubuta ta?"

"An daɗe."

"To kafin amsa ta zo, a bar duwatsun nan inda suke. Ban ce a ƙara ko ɗaya ba. A bar su kawai."

Mai unguwa ya buɗe zanen unguwar a kan tabarma, ya bi shi da yatsa har ya kai layin ƙarshe na sama. Bayan layin nan takardar fara ce fat.

"Ga shi, Alhaji. Wurin ba shi cikin lotisma. Ba shi da lamba. Abin da ba shi da lamba, da wane baki zan hana wani shi taɓa?"

Na ce da bakin da kakanninmu suka hana, su da ba su san lamba ba. Sai wani magini mutumin Tamaske, wanda ya gina rabin gidajen unguwar, ya yi gyaran murya daga baya.

"Alhaji, in yi magana, ko in bari don girmanka?"

"Yi maganarka."

"Ni na aza harsashin gidanka. Kana birni ka aiko anka ce a yi maka mai ƙwari. Duwatsun nan, daga sama kake tsammani sunka faɗo? Jeri na uku munka kwashe maka, kaf. Wallahi ban taɓa aiki da dutse mai kyau irin shi ba."

Wannan dariyar ta fi ta farko tsawo. Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa. Ban tambayi inda duwatsun suka fito ba a lokacin, kuma na san dalilin da ya sa ban tambaya ba. Aka tashi a kan za a kafa kwamiti. Kafin kwamitin ya yi zamansa na farko kamyon ya dawo sau uku, ya cinye tsakiyar jerin, daidai saitin layi na huɗu, don nan ne mota take iya juyawa.

Na sauka na gaya wa Dije ta kwashe kayanta ta dawo wurina kafin damana ta kankama. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, kai da ka yi mini barka da wuringa, yau kai ne mai kora ta? In bar gidan uban ɗiyana in koma zaman ɗakin baƙi?"

"Ba zama na ce ba. Damana kawai."

"Ka tahi ka gaya ma ruwan a rediyo, ko shi ji maganarka."

Ruwa biyu na farko ba su yi ƙarfi ba, har maƙwabcina ya riƙa tambayata ina tufanar da na yi alkawari. Na uku ya sauko da hantsi. Ina tsaye a zaurena na ga abin da na taɓa gani sau ɗaya ina saurayi, amma wancan karon sawunsa kawai na tarar, wannan karon shi kansa na gani. Ragowar jerin ta dama da ta hagu suka tattaro ruwan dutsen duka suka miƙa shi ga giɓin tsakiya. Ya shigo layin ja wur, yana gungura duwatsu, yana bugun dakali yana komawa tsakiya, kowane dakali yana ƙara masa gudu. Da aka ɗauke na bi gefen katangu na sauka. Katangar Dije ta arewa ta kwanta, ɗakin da yake jingine da ita ya zauna a kan kayansa. Ita da jikokin suna tsaye a gidan maƙwabta, babu wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Tana riƙe da tukunya ɗaya a hannu, ban san dalilin da ya sa ita ta ɗauko ba. Ba ta ce mini ka faɗa ba, ni ma ban ce na faɗa ba.

Ta yi kwanaki a gidana, kullum da safe sai ta sauka ta zauna a kan kufan ɗakin. Na kira maginin nan na Tamaske, don duk da bakinsa babu wanda ya fi shi aiki. Ya zagaya wurin, ya auna da ƙafa, ya ce in dai ana so ginin ya tsaya sai an ɗaga harsashi ya kai ƙugu, kuma da dutse, ba da bulo ba.

"Ina za a samo dutsen?" na tambaya, alhali na san amsar.

"Alhaji, hanyar mafasar dutse ta yanke, kamyo ba ya zuwa sai kaka. Ga dutse nan bisa kanka. Kuma kai ma ka gani da idonka, yadda jerin nan yake yanzu, da shi gara babu. Mazurari ya zama."

Na ce a bari in nemi mutane mu toshe giɓin. Ya tambaye ni su wa. Na fara lissafa sunaye a raina, na ga kowanne yana da dakali mai tsayi. Dije ta dube ni.

"Yaya, ni ban iya dogon bayani ba. Duwatsun nan ko su zauna can su tsare maka tarihi, ko su sauko su tsare ni. Zaɓi guda."

Washegari da safe na hau tare da su. Amalanken jakai aka kawo, don mota ba ta iya bin layin. Masu lodi suka fara kwasar na sama, ƙanana, na ce su dakata, ba waɗannan ake sa wa a harsashi ba. Na nuna musu inda za su tona su ciro manyan da aka binne a gindi, masu faɗin fuska, waɗanda suke zama daram in an aza su. A duk unguwar ni kaɗai na san inda suke. Kwana huɗu aka yi ana sauke su.

Harsashin Dije ya tashi ya kai ƙugu, kuma ginin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ranar da aka gama shi, mai lambun albasar da yake ƙasa da gidanta ya hau daga fadama, laka har gwiwarsa. Ya yi mana sannu da aiki. Ya tsaya ya dubi tsayin harsashin, ya ɗaga kai ya dubi layin har can gindin dutse, sa'an nan ya juya ya dubi lambunsa. Da zai tafi ya tambayi maginin ko akwai sauran dutse.